Hoton wanda ake zargi

Hoton wanda ake zargi shi ne hoton da 'yan sanda ke ɗaukar mutum bayan sun kama shi, domin a ajiye a fayil ɗinsa tare da sunansa da tambarin yatsunsa. Galibi biyu ake ɗauka: ɗaya yana fuskantar kyamara, ɗaya ta gefe. Amfaninsa shaida mutum ne kawai, ko da ya sauya suna ko ya aske gemu.

Tun shekarun 1840 aka fara ɗaukar hotunan fursunoni a Beljiyam, amma Alphonse Bertillon, ma'aikacin 'yan sandan Paris, shi ya daidaita tsarin a 1888. Ya ƙara hoton gefe ne saboda kunne da karan hanci ba sa sauyawa kamar sauran fuska, kuma ya haɗa da awon kai da hannu da ƙafa. Tambarin yatsa ya kori awon daga baya, hoton ya tsaya.

A Ghana, sashen binciken manyan laifuka, CID, mai hedikwata a Accra, shi ke riƙe da bayanan masu laifi. Can ne mai neman biza ko aiki yake zuwa a ɗauki yatsunsa, a ba shi takardar shaidar cewa ba a taɓa samunsa da laifi ba.

Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar ko ya amsa da bakinsa, kuma dole a kai wanda aka tsare gaban alƙali cikin awa 48. Ke nan hoton ba hukunci ba ne. Sai dai unguwa ba ta jiran alƙali. Idan 'yan sanda suka saka hoton matashi a Facebook da ankwa a hannu, kafin la'asar ya zagaya wayoyin unguwannin Accra irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango, inda kowa ya san gidan kowa. A ba shi beli, ko ma kotu ta sallame shi, hoton na nan. Ranar da ya je neman aure, wani kawun yarinyar zai zaro shi.

Akan samu akasin haka. Hoton da 'yan sandan Amurka suka ɗauki Rosa Parks a 1956, lokacin da aka kama ta kan ƙaurace wa motocin bas masu wariyar launin fata, riƙe da lamba 7053, yau abin alfahari ne ga masu fafutukar 'yancin baƙar fata.