Shin talotalo daga Turkiyya ya fito?

Jama'a, an daɗe ana cewa wai talotalo asalinsa daga ƙasar Turkiyya yake shi ya sa Turawan Ingila suke ce masa turkey. Duk wanda ya ɗauka haka yana da hujja, sunan ne ya zo iri ɗaya, amma maganar ba haka take ba.

Talotalo tsuntsun Amurka ta Arewa ne, mutanen Meziko na asali suka fara kiwonsa, sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai. To kafin nan zabonmu na Afirka ya riga ya isa can, kuma bayanin da masana suka fi karɓa shi ne ta hannun fataken daular Usmaniyya ta Turkawa yake bi, sai Ingilishi suka riƙa ce wa zabo kazar Turkiyya, da sabon tsuntsun ya zo suka ga suna ɗan kama sai sunan ya koma kansa ya zauna.

Su kuwa Turkawa hindi suke ce masa, wato na Indiya, don a lokacin ana ɗaukar Amurka a matsayin yankin Indiya. Faransawa ma dinde suke cewa, ma'anar ɗaya ce. Larabawa kuma dik rumi, zakaran Rum.

In kana son tantance irin wannan da kanka, duba ƙamus mai kawo asalin kalma, ka ga yadda wasu harsuna ke kiran abin, sannan ka bincika inda yake rayuwa a daji.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su ma su karanta.