Shirin hunturu a gonakin kayan lambu na Yahudawan Amurka

Shirin hunturu shi ne aikin tsara noman shekara da manoman kayan lambu suke yi a ƙasashen sanyi tsakanin Disamba da Maris, lokacin da ƙasa ta daskare, ba ta karɓar garma. A arewa maso gabashin Amurka akwai gonaki na Yahudawa da suke ɗaukar wannan aiki a matsayin wani ɓangare na ibada. Mafi shahara a cikinsu ita ce gonar Adamah da ke Falls Village a jihar Konetikat, wadda aka kafa a 2003 domin koya wa matasa noma tare da karatun addini.

Yadda aikin yake

Kafin dusar ƙanƙara ta sauka, an riga an binne tafarnuwa a Oktoba ko Nuwamba, sauran filin kuma an rufe shi da hatsin rai don kada iska da ruwa su kwashe ƙasar sama. Daga nan aiki ya koma kan takarda. Manomi yakan duba abin da ya rubuta bara, ya ƙirga irin da ya rage, ya sayi sabo, sannan ya zana taswirar gona fangali-fangali. Tumatir, tattasai da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka ba a mayar da su wurin da suka tashi sai bayan shekara 3 ko 4. A ƙarshen Fabrairu ake zuba irin albasa a ɗakin raino mai ɗumi. Kuskuren da aka yi a taswirar Janairu ba ya gyaruwa a Yuli, shi ya sa masu sana'ar ba sa kiran wannan lokaci hutu.

Ma'anarsa a addini

Talmud, babban littafin sharhin malaman Yahudawa, a babin Shabbat, ya danganta imani da sashen dokokin noma na Mishna, wato tsohon kundin dokokin addininsu. Malaman da suka yi sharhi sun ba da dalili: manomi yakan dogara ga Mai Rai Madawwami, sannan ya shuka. Wannan fahimta ta fi dacewa da hunturu, domin mutum yana kashe kuɗinsa a kan iri alhali bai ga ko ganye ɗaya a fili ba.

Bikin da ya faɗo a tsakiyar wannan lokaci shi ne Tu Bishbat, ranar 15 ga watan Shebat na kalandar Yahudawa, cikin Janairu ko Fabrairu. Mishna ta kira shi sabuwar shekarar itatuwa. Almajiran Shammai da na Hillel, manyan malamai biyu na dā, sun saɓa: na Shammai sun ce 1 ga wata ne, na Hillel suka ce 15, aka bi na Hillel. Talmud ya ce a lokacin yawancin ruwan shekara ya riga ya sauka a ƙasar Isra'ila, Rashi kuma, malamin Faransa na ƙarni na 11, ya bayyana cewa a nan ne ruwan itace yake fara hawa cikin kututture. A gaskiya bikin ba na kayan lambu ba ne, don Mishna ta sa farkon shekararsu a 1 ga watan Tishri, cikin kaka. Duk da haka manoman sun rungume shi, kuma suna da hujja: yana girmama rayuwar da ta fara motsi tun ido bai gan ta ba. A yankin Konetikat ma, wajen wannan lokaci ne ake fara tatsar ruwan zaƙi daga itacen mapul.

Dokokin da suke shiga taswira

Littafin Firistoci na Attaura, sura ta 19, ya hana cakuɗa iri biyu a fili ɗaya, ya kuma umarci a bar gefen gona ga matalauci da baƙo. Mishna ta ƙayyade cewa kada abin da aka bari ya gaza kashi 1 cikin 60. Sura ta 25 ta kawo Shemita, hutun ƙasa duk shekara ta bakwai. Ta baya-bayan nan ta kama daga Satumba 2021 zuwa Satumba 2022, ta gaba za ta fara a 2028. Shemita da hanin cakuɗa iri sun wajaba ne a ƙasar Isra'ila kaɗai, amma wasu manoman Amurka suna bin su don son ransu: tun a hunturu suke ware fangalin da zai huta, da kason amfanin da za a kai wa wuraren ciyar da mabuƙata.