Ninka farasitamol ba ya kawo sauƙi da wuri

An daɗe ana ɗauka cewa idan ciwon kai ya matsa, haɗiye ƙwaya huɗu maimakon biyu shi ne mafita. Ba haka jiki yake aiki ba.

Ƙwayar tana bi ta hanji ta shiga jini, sai hanta ta sarrafa ta yadda ƙoda za ta fitar da ita ta fitsari. Amma ɗan kaso yana rikiɗewa ya zama guba mai suna NAPQI. Idan an sha bisa ƙa'ida, sinadarin gulutatayon da ke hanta yana kashe kaifinta nan take. Idan aka zarce kuwa, sinadarin ya ƙare, gubar ta koma cin hantar kanta. Abin da ya fi tayar min da hankali, mutum zai iya wuni garau, sai bayan kwana 2 ko 3 idanu su yi ɗorawa.

Babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. A duba kwalin maganin mura ma, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Wanda ya riga ya zarce ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira alama.