Solar gidanka ba ta buƙatar lasisi, amma ka bar ta cikin gida

Magana na ta yawo a WhatsApp wai duk mai sola ko janareta sai ya yanki lasisi, in ba haka ba tara ta hau kansa. Jama'a a kwantar da hankali. Dokar Lantarki ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta ce wanda wutar da yake samarwa a wuri guda ba ta haura megawat 1 ba, ba ruwansa da lasisi. Megawat 1 kilowat 1,000 ne. Gida mai sola ta kilowat 5, sai an tara irinsa 200 kafin a kai nan. Mai shago, mai injin niƙa da mai cajin waya duk suna can ƙasa.

Inda ake ruɗewa shi ne jimilla ake lissafawa. Masana'antar da ta jera janareta uku masu kilowat 400 kowanne ta kai 1,200, don haka ta tsallake iyaka, sai ta nemi izinin hukumar kula da lantarki ta ƙasa, wato NERC, ko ta jiharta, ko da ita kaɗai za ta sha wutar.

Tura wuta cikin layin kamfanin rarrabawa, irin su KEDCO, wannan kuma wata magana ce daban. Ƙa'idar NERC ta 2012 ta ɗaure girman inji da layin da zai hau: daga sama da megawat 1 zuwa 6 layin 11kV (mai ƙarfin volt dubu 11), abin da ya haura haka layin 33kV. Ba don a wahalar da kowa aka yi ba. An gina layukan ne wuta ta gangaro daga taransifoma zuwa gidaje. In aka dasa babban inji a wutsiyar siririn layi, ƙarfin wuta kan haura, ya ƙona firji da fankar maƙwabta. Mafi muni, an ɗauke wuta, ma'aikaci ya hau fal yana zaton layi a mace yake, ashe injin wani na ciyar da shi. Shi ya sa ko a gida dole a raba wutar janareta da ta kamfani da makunnin canji.

Ni dai abin da bai kwanta mini ba, kamfanin da ya kasa ba unguwa wuta shi ne kuma za a zauna da shi a daidaita kafin wani ya hau layinsa ya ba ta.