Me ya sa ake rubuta \strlen maimakon strlen a PHP?

Duk wanda ya leƙa cikin manyan ayyukan PHP, harshen rubuta manhajar yanar gizo, irin su Symfony zai ga wata karkatacciyar sanda a gaban wasu sunaye: \count, \strlen, \is_array. Ba kuskuren maɓalli ba ne. Sandar tana nufin "je ka ɗauko na asali, wanda PHP ya zo da shi."

Asalin maganar daga namespace ne, wanda ya shigo a PHP 5.3 a shekarar 2009. A ɗauke shi kamar unguwa. Ana iya samun Musa a Fagge, a samu wani Musa a Gwale, ba wanda ya ci sunan wani. Haka mai rubuta manhaja zai iya ƙirƙirar nasa fankshin (ɗan gungun umarni da ake kira da sunansa) mai suna strlen a cikin unguwarsa, na PHP kuma yana nan a babban fili inda ya saba zama.

To, in ka kira strlen babu sanda, wanne za a ba ka? PHP yakan fara dubawa a unguwar da kake. In bai samu ba, sai ya koma babban fili. Wannan sassauci na fankshin ne da ƙayyadaddun ƙimomi kaɗai. Kilas (class, wato tsarin da ake ƙera abubuwa da shi a manhaja) ba ya samunsa, kuma a nan ne sababbin shiga suke tuntuɓe. Ka rubuta new DateTime a cikin namespace ba tare da sanda ko layin use mai shigo da sunan ba, shirin zai tsaya cak, ya ce bai san wannan kilas ba.

Ana yawan cewa sandar tana ƙara sauri. Akwai gaskiya a ciki, amma ba a neman sunan take ba, domin PHP yana riƙe sakamakon binciken farko. Tun daga PHP 7, injin yana mayar da wasu 'yan fankshin, kamar strlen da is_array, zuwa umarni na kai tsaye lokacin da yake fassara lambar, wato rubutun shirin. Ba zai yi haka ba sai ya tabbata na asali ake nufi, kuma sandar ce take ba shi tabbacin. A madauki (umarni mai maimaita kansa) da ke juyawa sau miliyoyi za a iya ganin bambanci. A shafin da yawancin lokacinsa ke tafiya wajen jiran rumbun bayanai kuwa, ni dai ba zan ɓata dare a kansa ba.

Wanda sandar ke ɓata wa ido yana iya rubuta use function strlen a saman fayil, tun daga PHP 5.6 na 2014.

Sai dai sandar tana toshe wata dabara. Masu gwajin manhaja sukan rubuta nasu time na bogi a cikin unguwa ɗaya da lambar da suke gwadawa, don su tsayar da agogo a lokacin da suke so. Da zarar an rubuta \time, PHP ba zai ko waiwayi na bogin ba.