Zanen Rayuwar Matuƙa a Jiragen Dakon Kaya Masu Filafilai

Wannan reshe ne na zanen teku da ya yi tashe a Birtaniya da Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, lokacin da jiragen ruwa masu inji suka fara ture waɗanda iska ke turawa, musamman bayan buɗe mashigin Suwez a 1869. Jiragen filafilai da suka rage sun koma dakon kaya masu nauyi da ba a gaggawarsu, kamar alkama da gashin tumaki daga Ostireliya da takin gishiri daga Chile.

A da, masu jirage kan biya mai zane ya fito musu da jirginsu daga nesa, tsaf kamar amarya. Masu wannan salon kuwa cikin jirgin suka shiga, suka zana matuƙa suna jan igiya, suna naɗe filafili a can sama yayin da guguwa ke kaɗawa, ko suna cin busasshen biskit da nama mai gishiri a ƙuntataccen ɗakin kwanansu na goshin jirgi.

Daga cikin fitattun misalai akwai zanen Henry Scott Tuke mai suna All Hands to the Pumps, wanda ya kammala a 1889, yanzu kuma yana hannun gidan adana zane na Tate a Landan. A cikinsa ruwa ya shiga jirgi, filafili ya yage, wasu mazaje sun duƙufa kan famfo suna kwashe ruwan, wani kuma yana nuna igiyar ruwan da ke tasowa. Tuke ya yi aikin ne a kan wani tsohon jirgin Faransa da ya saya ya ajiye a tashar jiragen ruwa ta Falmouth a Ingila.

Anton Otto Fischer, haifaffen Jamus a 1882, shi matuƙi ne tun kafin ya zama mai zane. Ya yi aiki a jirgin Birtaniya Gwydyr Castle, kuma a 1947 ya wallafa zane-zanensa na wannan tafiya tare da labarinta. Ƙimar irin wannan aiki ga masana tarihi ita ce wanda ya taɓa riƙe igiya ba ya kuskuren inda aka ɗaura ta. John Everett, wani mai zane ɗan Birtaniya, shi ma ya bi jirgin Iquique zuwa birnin Sidni na Ostireliya a 1898, daga baya ya bar wa gidan tarihin harkokin teku na Greenwich da ke Landan tarin zane-zanensa.