Tallafin Kamfanonin Mai ga Ƙauyukan Neja Delta

Tallafin kamfanonin mai ga ƙauyukan Neja Delta shi ne ayyukan raya karkara da kamfanonin haƙar man fetur suke yi, ko suke ba da kuɗin yi, a garuruwan da rijiyoyinsu da bututunsu suke a kudancin Najeriya. Ya ƙunshi gina makarantu da ɗakunan shan magani, haƙa rijiyoyin burtsatse, kai wutar lantarki, gina matsayar jiragen ruwa, biyan kuɗin karatun ɗalibai, da taimaka wa manoma da masunta. Reshe ne na abin da ake kira haƙƙin al'umma a kan kamfani, wato nauyin da ke wuyan mai cin riba a wuri na ya kula da mutanen wurin. A Neja Delta abin ya faro ne a matsayin kyauta, daga baya ya zama yarjejeniya a rubuce, sannan a 2021 ya zama doka. A tsawon wannan tafiya, abin da aka fi ja-in-ja a kansa shi ne wa ke zaɓar aikin da za a yi, kuma a hannun wa kuɗin yake.

Yanayin yankin

An gano mai da yawan da za a iya sayarwa a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Mazauna yankin, irin su Ijaw, Itsekiri, Urhobo, Isoko, Ogoni, Ikwerre da Ilaje, galibinsu masunta ne da manoman rogo da doya da kwakwar manja. Ƙauyuka da yawa ba a isa gare su sai a kwale-kwale, don haka buhun siminti kan yi tsada ƙwarai kafin ya kai wurin gini.

Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa, dokar filaye ta 1978 kuma ta sa filaye a hannun gwamnoni. Saboda haka abin da manomi ke samu idan bututu ya ratsa gonarsa shi ne diyyar amfanin gona da itatuwa. A wurare da dama kuma ba a ganin ƙafar hukuma ko kaɗan, sai ma'aikatan kamfani da jiragensu da fitilunsu da ke ci dare da rana. Dole mutane suka riƙa kai wa kamfani kukan da ya kamata su kai wa gwamnati.

Zamanin kyauta

Tun shekarun 1960 kamfanin Shell ya fara tura malaman gona ƙauyuka da ba ɗalibai tallafin karatu. A 1987 kamfanin Agip ya kafa shirin Green River, wanda ya riƙa raba ingantaccen irin rogo da koyar da dabarun noma da kiwon kifi. Waɗannan sun amfani mutane, musamman tallafin karatu, domin ɗimbin injiniyoyi da likitocin yankin da shi suka yi makaranta.

Amma yawancin ayyukan wancan lokaci a ofis ake yanke su. Idan kamfani zai shiga wani gari ya haƙa rijiya ko ya shimfiɗa bututu, sai ya zauna da sarki da 'yan majalisarsa, a yi alkawarin ajujuwa ko tankin ruwa, a ba wani ɗan gari kwangila. Abin da ya biyo baya masu bincike sun sha ganinsa da idonsu: ɗakin shan magani da fenti da allon suna amma babu nas, babu magani, tankin ruwa a saman ƙarfe wanda injinsa ya mutu tun watannin farko, mata na wucewa ta gindinsa da bokiti zuwa rafi. Babu wanda aka ɗora wa gyara, domin mutanen gari suna kallonsa a matsayin kayan kamfani, hukuma kuma ba da ita aka gina ba, balle ta turo ma'aikata. Wani bita da Shell ya sa aka yi a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa ƙasa da sulusin ayyukan da aka duba ne ke aiki yadda ya kamata.

Illar da ta fi wannan muni ita ce gabar da tsarin ya haddasa. Garin da rijiya take a filinsa shi ke samun aiki, maƙwabcinsa da suke shan ruwan rafi ɗaya, malalar mai ta shafe su tare, ba ya samun komai. Sai rigimar iyaka ta ƙaru, sarautar gari da shugabancin matasa suka zama abin zubar da jini, tunda ta nan kwangila ke biyowa. Matasa kuma suka gane cewa wanda ya tare hanya ko ya rufe tashar mai shi ake kira a zauna da shi, mai haƙuri kuwa sai ya yi ta jira.

Abin da ya tilasta sauyi

A ƙarshen 1990 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa garin Umuechem bayan wata zanga-zangar adawa da Shell, aka kashe gomman mutane, aka ƙona ɗaruruwan gidaje. A shekarar ce kuma ƙungiyar MOSOP mai fafutukar haƙƙin Ogoni ta gabatar da takardar buƙatunta. Shell ya dakatar da haƙar mai a ƙasar Ogoni a 1993. Ranar 10 ga Nuwamba, 1995, gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye jagoran MOSOP, Ken Saro-Wiwa, da wasu mutum takwas a Fatakwal. Duniya ta yi tir, sunan kamfanonin ya ɓaci a Turai da Amurka, kuma daga nan ne suka ƙara kuɗin da suke kashewa a ƙauyuka, suka ɗauko ƙwararru a harkar raya karkara.

A Yulin 2002 ɗaruruwan matan Itsekiri daga Ugborodo da kewaye suka mamaye tashar Chevron ta Escravos na kusan kwana 10. Ba su ɗauki makami ba. Sun yi barazanar tuɓe tufafinsu, abin da a al'adar yankin babban la'ana ne, suna neman aiki ga 'ya'yansu da lantarki da makaranta da asibiti. Garinsu na kallon fitilun tashar daga tsallaken ruwa, shi kuma yana cikin duhu. A 2003 rikicin Warri tsakanin Ijaw da Itsekiri ya ɓarke, aka lalata kayan aikin Chevron har da wasu gine-ginen da ya yi wa al'umma.

Gwajin Akassa da yarjejeniyar GMoU

Kafin nan an riga an gwada wata hanya a Akassa, a bakin teku cikin jihar Bayelsa. A 1997 kamfanin Statoil na ƙasar Norway da abokin haɗin gwiwarsa BP suka ba ƙungiyar Pro-Natura kuɗi ta zauna da mutanen Akassa su tsara abin da suke so da kansu. Ƙauyuka suka riƙa kawo buƙatunsu, a taru a jera su bisa muhimmanci, a bayyana abin da aka kashe a gaban kowa. An fi ba da ƙarfi ga ƙananan ayyuka: ƙungiyoyin adashi da rance, gyaran makarantu, wuraren shan magani, gadojin ƙafa. Daga baya aka kafa Gidauniyar Raya Akassa a hannun 'yan garin. Akassa ta zama abin misali ne saboda mutane sun ɗauki aikin nasu, ba don an zuba kuɗi mai yawa ba.

A 2005 Chevron ya fito da babbar yarjejeniyar fahimtar juna da aka fi sani da GMoU. Maimakon ya yi ciniki da kowane ƙauye shi kaɗai, sai aka haɗa ƙauyuka cikin kwamitocin raya yanki guda 8 a jihohin Delta, Bayelsa, Ribas, Ondo da Imo, ciki har da na Itsekiri, na Egbema da Gbaramatu, da na Ilaje. Shell ya bi sahu a 2006, inda ya tara garuruwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da hukumar gudanarwarsa, tare da alkawarin kuɗi na shekara 5. Al'umma ke zaɓar aiki, ta ba da kwangila, ta sa ido. Wakilan gwamnatin jiha da ƙungiyoyi masu zaman kansu suna zama a kwamitocin, kuma ba a fitar da kuɗi da sa hannun mutum ɗaya.

Gaskiya ne an samu ci gaba. Ayyukan da aka kammala sun ƙaru, kuma ƙauye ya san abin da zai samu a shekara ba sai ya tare hanya ba. Sai dai kamfani ne ke yanke yawan kuɗin, kuma yarjejeniyar na neman al'umma ta tabbatar ba a katse aikin mai ba, wanda ya sa wasu ke ganin zaman lafiya ake saye. A wurare da dama kujerun kwamiti sun koma hannun masu faɗa a ji da ke zaune a Warri ko Fatakwal, mata kuma, waɗanda su ne ke noma da kamun kifin rafi, muryarsu ta yi ƙaranci.

Dokar 2021

Tun 2000 doka ta wajabta wa kamfanonin ba hukumar raya yankin, NDDC, kashi 3 cikin 100 na kasafinsu na shekara. Binciken ƙwaƙwaf da aka miƙa wa gwamnati a 2021 ya gano ayyuka sama da 13,000 na hukumar da aka yi watsi da su ko aka yi ha'inci a cikinsu.

Ranar 16 ga Agusta, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar masana'antar man fetur, PIA. Dokar ta ce kowane kamfanin haƙar mai ya kafa asusun amana na al'ummomin da yake aiki a cikinsu, ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata. Kashi 75 na asusun na ayyuka ne, kashi 20 ajiya ce ta gaba, kashi 5 na gudanarwa. Dole a binciki buƙatun al'umma a rubuta tsarin raya ta kafin a kashe kuɗi, hukumar kula da haƙar mai ta ƙasa, NUPRC, kuma ke sa ido. Da wannan, abin da a da ake roƙo ya zama haƙƙin da za a iya nema.

Shugabannin yankin sun nemi kashi 10, don haka ba su ji daɗin kashi 3 ba. Akwai kuma abubuwa biyu da ake ƙorafi a kai. Kamfani ne ke naɗa kwamitin amintattu, bayan tuntuɓar al'umma. Sannan idan aka fasa bututu ko aka yi ɓarna, za a cire kuɗin gyara daga rabon al'ummar. Wannan sashe yana da nauyi a kan talaka, domin masu satar ɗanyen mai a manyan jiragen ruwa ba masuntan ƙauye ba ne, kuma ƙauye ba shi da ƙarfin da zai hana su.

Gurɓatar ƙasa da ruwa

Babban abin da ke rage darajar duk wannan tallafi shi ne ɓarnar muhalli. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya gano cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, fiye da ninki 900 na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Rahoton ya ce tsabtace yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya ba da shawarar a fara da dala biliyan 1. An ƙaddamar da aikin a 2016, amma tafiyarsa ta yi nawa.

A Bodo, malalar mai biyu da suka faro a 2008 sun kashe kifi da itatuwan bakin ruwa. Sai da mutanen suka kai ƙara Landan kafin Shell ya amince a Janairun 2015 ya biya fam miliyan 55, inda masunta kusan 15,600 suka raba miliyan 35, sauran ya tafi ga al'umma. Ƙona iskar gas kuwa, wadda aka haramta tun 1984 sai da izinin minista, har yau ana yi. A wasu ƙauyukan jihar Delta mata kan shanya garin rogo a faifai kusa da harshen wutar don ya bushe da sauri, suna shaƙar hayaƙin. Masuncin da rafinsa ya mutu, ajin makaranta ba zai maye masa abin da ya rasa ba, kuma biyan diyya da share malala wajibi ne na dabam, bai kamata a lissafa su cikin alheri ba.

Halin da ake ciki

Manyan kamfanonin waje suna janyewa daga rijiyoyin tudu da na bakin gaɓa. A 2024 Oando ya sayi Agip na Najeriya, Seplat ya sayi kadarorin Mobil na ruwa mara zurfi, a 2025 kuma rukunin Renaissance ya karɓi kamfanin Shell na tudu. Sabbin masu rijiyoyin su ne yanzu doka ta ɗora wa zuba kuɗi a asusun al'umma, yayin da ƙungiyoyin yankin ke neman a fayyace wanda zai share tsohuwar malala.

Dokar ba ta Neja Delta kaɗai ba ce. Duk inda aka fara haƙo mai a Najeriya za ta yi aiki, har da Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aiki a Nuwamban 2022. Masu haƙar ma'adinai su ma, dokar 2007 ta wajabta musu ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da za su yi aiki kafin su fara, a kuma sake duba ta duk shekara 5.